Rai Dangin Goro: Shekara Biyu Ina Zaune Da Ciwon Daji Mataki Na Huɗu

Mahaifina, Allah Ya jiƙansa, fataucin goro ya yi har ƙarshen rayuwarsa. Daga Shagamu ake yi masa lodi, kuma tun ina ƙarama na saba ganinsa kowace safiya yana kwance huhu a zaure, ya yayyafa wa goron ruwa, ya bi shi ɗaya bayan ɗaya yana juyawa a tafin hannu. Wanda ya ga sankara ta taɓa sai ya ware shi gefe, ya sa 'yar wuƙa ya fere wurin da ya ɓaci, ragowar kuwa ya mayar cikin ɗanyen ganye. A bakinsa na fara jin kalmar sankara, a bakinsa kuma na fara jin karin maganar nan da ke cewa rai dangin goro ne, ruwa ake ba shi. Ban taɓa kawowa a raina cewa wata rana kalmar da karin maganar za su haɗu a kaina ba.

Shekarata 49. Ni malamar makaranta ce, ina koyar da lissafi a wata sakandaren 'yan mata a Kano, ina da miji da 'ya'ya huɗu. Ina kuma ɗauke da sankarar mama, wadda wasu ke kira kansa, wasu kuma ciwon daji, kuma tawa ta kai mataki na huɗu, wato ta bar inda ta faro ta yaɗu zuwa ƙashin bayana da ƙuguna. Likitoci sun faɗa mini gaskiya, cewa a wannan mataki ba a maganar warkewa, ana maganar riƙe cutar ne da rage mata gudu. Yau shekara biyu ke nan da jin wannan magana.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne, na lura mutanenmu hali biyu kaɗai suka sani game da mai wannan ciwo: ko dai ya warke a yi walima, ko ya rasu a yi zaman makoki. Zaman da ke tsakanin biyun, wanda yakan kai watanni ko shekaru, ba a cika ba da labarinsa ba, alhali a cikinsa dubban bayin Allah suke kwana suke tashi. Labarin wannan zama nake so in ba ka, ya mai karatu.

Yadda abin ya faro

A watan Afrilun 2020, lokacin da aka kulle Kano saboda annobar korona, ina wanka na ji wani ɗan ƙullutu a mamana na hagu, girmansa bai wuce ƙwayar gurjiya ba. Ba ya ciwo, ba ya ƙaiƙayi. Na ce wa kaina idan an buɗe gari zan je asibiti. Aka buɗe gari, ban je ba. Kunya ta riƙe ni, tsoro ya taya ta. Da na gaya wa wata gwaggota sai ta dafa ƙirji ta ce, "Ke 'yar nan, idan daji ne, kada ki yarda a kai masa ƙarfe ko allura, nan take yake fusata ya bazu." Da iliminka da komai, mai karatu, idan tsoro ya kama ka, maganar da ta ba ka damar zama a gida ita za ka riƙe. Haka na shafe kusan shekara ina shan jiƙo, ina shafa garin magani, ƙullutun yana ta girma abinsa.

Sai da kaluluwa ta fito mini a hammata, fatar wurin kuma ta koma kamar ɓawon lemo, sannan maigidana ya ce, "Malama, gobe da safe ki shirya, asibiti za mu." Aka ɗebi ɗan nama aka kai gwaji, sakamako ya nuna sankara ce, kuma ta riga ta kai mataki na uku. Aka yi mini kemo sau takwas, wato maganin da ake ɗurawa ta jijiya duk bayan kwana 21 domin ya kashe ƙwayoyin cutar. Gashina ya zube, farcena ya yi baƙi. Aka cire maman, aka kuma yi mini gashi da na'urar da ke ƙona ragowar cutar da haske. A 2022 hotuna suka fito fes, muka yi walima, na koma aji.

A daminar 2023 ciwon baya ya taso mini. Na ɗauka tsayuwa ce a gaban allo. Da ya fara hana ni barci sai aka sake ɗaukar hoto, aka ga tabo a ƙashin baya da na ƙugu.

Ba zan manta da zaman da muka yi da likita a ranar ba. Na dube shi na ce, "Likita, saura kwana nawa?" Ya ajiye biro ya ce, "Malama, wannan ilimin ba a ba ni ba. Abin da na sani shi ne, irin taki cutar da sinadarin istrojin na jikin mace take ciyar da kanta, kuma akwai ƙwayar da ke tare mata wannan abinci. Ba zan yi miki alkawarin warkewa ba. Alkawarin da zan iya shi ne za mu yi ta rage mata ƙarfi, kuma ba za mu bar ki cikin raɗaɗi ba." Na gode wa Allah da Ya haɗa ni da wanda bai rufe ni ba, bai kuma yanke mini ƙauna ba.

Daren nan ban runtsa ba. Lissafi nake koyarwa, lissafi kuwa na kwana yi: shekarun babbar 'yata 22, autata tara, wa zai yi mata kitso, wa zai raka ta ɗakin miji. Gari na wayewa sai ga autar ta shigo da rigar makaranta a hannu tana cewa, "Umma, maɓallina ya cire, kuma ba ki ba ni kuɗin tara ba." Na ɗauko zare da allura na ɗinke. Ina cikin ɗinkin ne na gane cewa duk abin da hoton jiya ya nuna, safiyar yau tana da aikin da take jira in yi, kuma babu mai yi sai ni.

Yadda yini yake tafiya

Ina tashi kafin asuba. A kan kujera nake salla yanzu, domin ruku'u da sujada suna taɓa mini ƙashin baya, kuma shari'a ta sawwaƙe wa marar lafiya ya yi a zaune. Bayan salla in sha ƙwayata ta kullum, in bi ta da kunun gyaɗa ko na tsamiya. Tun lokacin kemo harshena ya canza, nama yakan yi mini ɗanɗanon ƙarfe, don haka na fi samun daɗin fate da kwaɗon zogale da miyar kuka. Ranar da zuciya ke tashi, shayin citta da lemon tsami ne abokaina.

Kwana uku nake zuwa makaranta a mako. Shugabar makarantarmu, Allah Ya saka mata da alheri, ta rage mini darussa, ta kuma mayar da ajina ƙasa don kada in hau bene. A zaune nake koyarwa, ɗalibai su ke fita su yi rubutu a allo. Abin mamaki, tun da na daina riƙe alli sai yaran suka fi ganewa, domin wadda ta san za a kira ta gaban allo ba ta gyangyaɗi. Shekara ashirin da wani abu ina koyarwa, sai da ciwo ya zaunar da ni sannan na koyi wannan.

Babban abokin zaman mai wannan ciwo gajiya ce, irin wadda barci ba ya maganinta. Da farko nakan yi faɗa da ita, in ce sai na yi shara da wanki da girki kamar da, washegari in kwana biyu a kwance. Daga baya na koyi kasafta ƙarfina kamar yadda ma'aikaci yake kasafta albashi. Kowace safiya nakan zaɓi abu uku da zan yi a ranar, sauran in bar wa yara ko in bar wa gobe. Ranar makaranta ba na girki. Ranar da zan je suna ko biki, ba na zuwa ko'ina kafin nan, kuma idan na yi sa'a ɗaya sai in yi sallama. Ba na ɗaukar bokitin ruwa, domin ƙashin da cutar ta taɓa yana saurin karyewa. Hannuna na hagu yakan kumbura tun da aka cire kaluluwar hammata, saboda haka ba a yi mini allura ko awon jini a wannan hannu.

Akwai kuma kalandar asibiti. Lokaci zuwa lokaci akan yi mini ƙarin ruwa mai ƙarfafa ƙashi, kuma duk bayan 'yan watanni a ɗebi jini a ɗauki hoto, a ga ko cutar ta motsa. Makon da nake jiran sakamako shi ne mafi nauyi. Abinci ba ya shiga, ƙaramin abu ya sa in yi wa yara tsawa, kowane motsi a jikina in ce shi ke nan ta kai hanta. Akwai ranakun da nakan kulle ɗaki in yi kuka har kaina ya yi ciwo. Na faɗi wannan ne don kada wani majinyaci ya karanta rubutuna ya zaci shi kaɗai ne mai rauni. Kuka ba ya rage imani, kuma idan na share hawaye nakan fito in tambayi me za a dafa da dare.

Maganar raɗaɗi

Idan akwai abu ɗaya da ya dawo mini da rayuwata, to maganin raɗaɗi ne. Wanda ciwo ya hana shi barci ba ya iya salla da natsuwa, ba ya iya hira da 'ya'yansa, balle ya yi tunanin gobe. Lokacin da bayana ya tsananta, likita ya rubuta mini mofin na ruwa, ana sha duk bayan sa'a huɗu. Dangi suka tayar da hankali. Wasu suka ce ƙwaya ce, zan zama 'yar maye, musamman da yake tun da aka haramta maganin tari mai kodin a 2018 mutane suke tsoron duk wani abu mai kama da shi. Wasu suka ce ai ba a ba mutum shi sai an fid da rai da shi.

Da na bincika sai na tarar tun a 1986 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da tsarin magance raɗaɗin ciwon daji hawa uku: a fara da magani mai sauƙi irin farasitamol, idan bai isa ba a hau zuwa matsakaici, idan shi ma bai isa ba a kai ga mai ƙarfi irin mofin. Kuma ƙa'idar ita ce a sha bisa agogo, kada a jira sai ciwo ya taso. Akwai ma fannin likitanci guda da aikinsa shi ne sawwaƙa wa waɗanda cutarsu ba ta warkewa. Wata likita 'yar Ingila, Cicely Saunders, ita ta kafa harsashinsa na zamani da ta buɗe gidan jinya a Landan a 1967, kuma ita ta koyar da cewa raɗaɗin majinyaci ya haɗa da na jiki da na zuciya da na iyali da na ruhi. A nan Afirka kuwa, Dokta Anne Merriman ta fara irin wannan aiki a Yuganda a 1993, inda ta yaɗa amfani da mofin na ruwa mai araha da majinyaci zai sha a gidansa.

Na sha shi a ƙarƙashin kulawar likita, hankalina bai gushe ba, ban kuma zama abin da ake tsoro ba. Illar da na gani ita ce taurin bayan gida, aka haɗa mini da maganinsa. Daga baya aka yi mini gashi na kwana biyar a ƙashin bayan, ciwon ya lafa, har aka rage mini maganin. Sai dai kafin a kai ga gashin, sai da na je wata jiha, na tarar na'urar ta lalace, na zauna mako uku a gidan wata 'yar'uwa ina jira. A layin na ga waɗanda ba su da kowa a garin suna kwana a barandar asibiti.

Maganar kuɗi

Wannan ciwo ba jiki kaɗai yake ci ba, har da aljihu. Na sayar da sarƙa da 'yan kunnen gwal da na tara tun aurena. Maigida ya sayar da filin da muka yi niyyar gina wa yara. Abokan aikina suka ba ni ɗaukar farko a adashinmu har sau biyu. Cutar tawa ta dawo ne daidai lokacin da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, darajar naira ta faɗi, farashin magani da na mota suka tashi tare. Duk da haka ina cikin masu sa'a, domin ina da albashi, ina da miji mai tsayawa.

Alƙaluman hukumar binciken ciwon daji ta duniya na shekarar 2022 sun nuna cewa a Nijeriya an samu sabbin masu cutar sama da 120,000 a shekara guda, kusan 80,000 kuma suka rasu, sankarar mama ce kuwa a kan gaba. Bayan kowane ɗaya daga cikin waɗannan akwai gida. Na ga mata da suka fara kemo suka tsaya a zagaye na uku saboda an sayar da akuyar ƙarshe. A 2021 Gwamnatin Tarayya ta fara wani asusu na tallafa wa marasa ƙarfi masu sankarar mama da ta bakin mahaifa da ta mafitsarar maza a wasu manyan asibitoci. Duk wanda ke jinya ya tambayi sashen jin daɗin marasa lafiya na asibitinsa ko yana cikin masu cin gajiyarsa, domin da yawa daga waɗanda muke zama a benci ɗaya ba su taɓa jin labarinsa ba.

Masu dubiya

Dubiya ibada ce, kuma al'ummarmu ba ta yi sake da ita ba. Amma zama a gadon jinya ya nuna mini cewa masu dubiya iri-iri ne. Akwai wadda tun daga zaure za ta fara kuka, ni majinyaciya in koma ina lallashinta. Akwai mai kawo magani: kowa da malaminsa, kowa da mai maganin da ya ji a rediyo, kuma idan na ce na gode ina kan na asibiti, sai a ce na raina. Akwai mai neman wanda ya jefe ni, ta bi dangin miji da abokan aiki ɗaya bayan ɗaya tana zargi. Akwai wadda ta ware kofin da na sha ruwa da shi a gidanta, alhali sankara ba a ɗaukar ta ta kofi ko ta tufafi ko ta numfashi. Akwai kuma wadda da zarar na fara maganar abin da nake so a yi wa yarana bayan raina, sai ta toshe mini baki da cewa, "Haba, daina faɗin haka, kin warke ma kin gama." Da kyakkyawar niyya take faɗa, amma takan bar ni ni kaɗai da abin da ke cina.

Wadda ta fi kowa iya dubiya ita ce wata ƙawata tun ta makarantar horon malamai. Duk Alhamis take zuwa. Ba ta tambayata jiki fiye da sau ɗaya. Takan ce, "Ƙawata, yau me za a yi?" Wata rana ta yi mini ƙunshi, wata rana ta tsefe wa auta kai, wata rana ta tafi da yara kasuwa, wata rana kuwa mu zauna ta kwashe labarin unguwarsu ta ba ni har in yi dariyar da ƙuguna zai amsa. Idan na ce ina jin tsoro, sai ta yi shiru ta riƙe hannuna har in gama. A gabanta nakan manta ni marar lafiya ce.

Don haka idan za ka je dubiya, mai karatu, ka taƙaita zama, ka yi addu'a, ka tambayi aikin da za ka ɗauke wa gidan, ko kai yara makaranta ne, ko kuɗin adaidaita sahu zuwa asibiti. Ka kuma duba mai jinya, domin shi ma yana ɗauke da kaya. Na taɓa fitowa cikin dare na tarar da maigidana a zaure shi kaɗai yana share hawaye, mutumin da ko ranar rasuwar mahaifinsa ban ga kukansa ba. Kowa ni yake tambaya ya jiki, babu mai tambayarsa.

Abin da nake kira kyakkyawan zato

Mutane sukan ce mini, "Malama, ke kam kina da ƙarfin hali." Ni kuwa na san ba jaruntaka ba ce. Abin da ya faru shi ne na canza wurin da na rataya burina. Da can burina in ga jikokin jikoki. Yanzu burina in ga sakamakon jarrabawar ɗalibaina na aji shida, in ga azumin bana, in ga ranar da za a kai babbar 'yata ɗakinta. Idan na cim ma ɗaya sai in ɗaura wani a gabansa. Ina roƙon Allah waraka a kowace salla, domin babu abin da ya gagare Shi, ina kuma shan maganina a kan lokaci, ina shirin tafiya kamar yadda ya kamaci kowane mai rai. Ban ga inda waɗannan uku suka ci karo da juna ba.

Na rubuta wasiyyata. Na lissafa bashin da ake bina da wanda nake bi, na damƙa wa maigida da yayana. Na nemi gafarar waɗanda muka saɓa. Na zaunar da yarana na gaya musu gaskiya, kowa daidai hankalinsa. Auta ta tambaye ni, "Umma, mutuwa za ki yi?" Na ce mata, "Kowa zai mutu, ni ma haka, amma ba wanda ya san ranarsa. Ciwona babba ne, likitoci suna ƙoƙari, kuma duk abin da ya canza ni zan fara gaya miki." Tun daga ranar ta daina laɓewa a bakin ƙofa tana sauraron hirar manya. Ashe ɓoyewar da muke yi ta fi gaskiyar tsorata ta. Da na kammala waɗannan shirye-shirye sai na ji kamar an sauke mini dutse daga ƙirji, na samu sararin da zan kula da ranar da nake ciki.

Azumin farko da likita ya hana ni saboda magunguna, na yi kuka da na ji kiran sallar magariba kowa yana buɗa baki. Malaminmu na Islamiyya ya tunatar da ni cewa wanda ciwonsa ba a sa ran warkewarsa ciyarwa ce a kansa, kuma karɓar sauƙin da Allah Ya bayar shi ma biyayya ce. Yanzu kowace rana ta Ramadan nakan aika da kwanon abinci ga wata makwabciyarmu mai marayu, ni kuma nake zama in dama kunun buɗa baki na gidan.

A bencin asibiti na yi ƙawaye da ban taɓa zaton zan yi ba. Akwai wata dattijuwa daga wajen Gumel da takan zo da ƙullin aya tana rabawa, akwai wata matashiya da take tsallako iyaka daga Maraɗi da jaririnta a baya. Mukan yi wa juna bayanin abin da likita ya faɗa da Turanci, mu yi dariyar sanƙon da kemo ya yi mana. Wasunsu sun riga mu gidan gaskiya, Allah Ya jiƙansu, kuma duk ranar da na tarar da gurbin wata babu kowa, jikina yakan yi sanyi. Amma kuma a cikin shekara biyun nan na je ta'aziyyar mutum uku da suka zo duba ni da ƙafarsu, lafiyarsu ƙalau, ɗaya hatsarin mota, ɗaya haihuwa, ɗaya kuwa kwanciya kawai ya yi bai tashi ba. Hausawa sun ce mai rabon ganin baɗi, ko ana muzuru ana shaho sai ya gani. Bambancina da mai lafiya shi ne ni an tuna mini, shi kuwa ya shagala.

Roƙona

Ga 'yan'uwana mata: shekarar da na ɓata ina shan jiƙo ita ce abin da na fi nadama a rayuwata. Ba ni da tabbacin abin da zai faru da na je da wuri, amma likitoci sun tabbatar cewa sankarar mama da aka gano a matakin farko mafi yawanci ana warkewa. Ƙullutun da ba ya ciwo shi ne abin tsoro. Ki riƙa duba jikinki duk wata bayan kin yi wankan tsarki. Idan kin ji ƙullutu, ko kan mama ya shige ciki, ko yana fitar da jini, ko fata ta canza, ki tafi asibiti a makon. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ƙarfen likita ba shi ke yaɗa daji ba, jinkiri ne yake ba shi lokacin yaɗuwa. Maza kuma ku sani, izininku da kuɗin motarku sukan zama bambancin mataki na ɗaya da na huɗu. Tun watan Oktoban 2023 aka fara yi wa 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 rigakafin ƙwayar cutar da ke haddasa sankarar bakin mahaifa, kyauta. Ba ta hana irin tawa, amma tana toshe wata ƙofar, kuma da hannuna na kai autata aka yi mata.

Ga hukumomi: a ƙara na'urorin gashi a Arewa, a kuma tanadi masu gyara su. A wadata asibitoci da maganin raɗaɗi, har da na ƙananan hukumomi, domin babu dalilin da zai sa mutum ya ƙare kwanakinsa yana ihu alhali maganin ba shi da tsada. Ga masu hali: gina masauki kusa da asibitin da ake gashi, inda matar da ta taso daga ƙauye za ta kwana da mutuncinta, wakafi ne da ladansa ba ya yankewa. Ga likitoci da ma'aikatan jinya: ku yi mana bayani da harshen da muke ji, ku dubi fuskarmu idan kuna magana, ku faɗa mana gaskiya da tausasawa.

Makon da aka gaya mini cutar ta kai ƙashi, na sa ɗana ya sayo mini dashen mangwaro muka dasa a tsakar gida. Wata baƙuwa ta dube shi ta dube ni, na ga tambayar a idonta ko da yake ba ta furta ba. Yanzu ya kai kafaɗata. Kowace safiya bayan na sha magani, auta takan ɗebo ruwa a buta, ni kuma in zuba masa da hannuna na dama. An sa ranar auren babbar 'yata bayan Babbar Salla, kuma jiya muka je Kantin Kwari da ita muka zaɓo atamfar anko, na zauna a kan benci ana sauko mini da su ɗaya bayan ɗaya har na ga wadda ta kwanta mini. Mako mai zuwa zan koma karɓar sakamakon hoto, kuma na san ba zan yi barcin kirki ba kafin ranar. Telar dai ta ce in kawo awona ranar Asabar.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu na gida da na asibiti sauƙi, Ya saka wa masu jinyarsu da alheri, Ya jiƙan waɗanda suka riga mu, mu kuma Ya kyautata namu ƙarshen. Amin.